Fankek ɗin ayaba da ƙwai na wata mai kicin a Bauchi, wata biyu ina oda ga abin da na gani

Tun farkon sanyin nan nake son in yi maganar nan amma nace bari in ƙara lokaci tukun, dan bana son in yabi abu yau gobe in dawo ina cizon yatsa. Yanzu kam wata biyu da 'yan kwanaki kenan ina karɓar karin kumallo daga wajen wata baiwar Allah da take girki a cikin gidanta can wajen Fadaman Mada tana aikowa ofisoshi, kuma naga ya isa in faɗi abin da na gani, mai daɗin da mara daɗin duka, musamman saboda 'yan ofis ɗinmu da kullum sai sun leƙo robata suna tambaya wai menene wannan mai ƙamshin kirfa.

Ni haifaffiyar garin nan ce, kun san mu da masa ba sai an faɗa ba. Shekara da shekaru karyawata ɗaya ce, masa biyar ko shida da ƙuli ko miya, wata ranar ƙosai da kunun tsamiya, in na makara kuma burodi da shayi mai kauri, madara cokali biyu suga cokali uku. Kuma wallahi har gobe ba zan zagi masa ba, ita ta raine mu. Amma abin da na lura dashi tun bara shine ƙarfe sha ɗaya na yi sai wata irin kasala ta sauko min, idona yayi nauyi a gaban kwamfuta, ga ƙishi, ga cikina a cushe kamar na haɗiye dutse amma kuma bakina na neman wani abin. A watan Nuwamba naje asibiti akan ciwon kai aka gwada ni, likita yace jinina ya ɗan hau kuma nauyina ya ƙaru, ba wai abin tashin hankali bane amma in rage mai da gishiri da suga tun kafin ta kai ga shan magani kullum. Na dawo gida jikina a sanyaye dan mahaifiyarmu hawan jini ne ya kwantar da ita shekarunta na ƙarshe, nasan abin da nake gudu.

To matsalata ɗaya ce, ni mutum ce mai son zaƙi da safe. In ban ji ɗan zaƙi a bakina ba ji nake kamar ban karya ba. Na gwada dafaffen ƙwai biyu da ruwan lipton babu suga na sati ɗaya, ranar ta takwas na tsinci kaina a layin mai masa. Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta tura min lambar matar nan a WhatsApp tace in gwada nata ko sau ɗaya ne.

Ranar farko bazan manta ba, ranar Talata ce ana hazo sosai har ba'a ganin dutsen da ke bayan ofis ɗinmu. Yaron ya iso takwas saura kwata da leda a rataye a hannun mashin. Da na buɗe, roba ce mai gida biyu, gefe ɗaya fankek guda biyar ƙanana, ko wanne faɗinshi bai wuce gindin kofin shayi ba, kalarsu ruwan zuma gefen ya ɗan yi duhu, an barbaɗa musu dakakkiyar gyaɗa soyayya. Ɗaya gefen gwanda ce da kankana an yanka su ƙanana ƙanana da 'yan ɓallin lemo an cire musu fata da ƙwallo tas. Sai wata 'yar roba mai murfi da kindirmo a ciki, da wata ƙarama ƙwarai kamar murfin kwalba da zuma. Abin da na fara yi shine na kai hancina, dan ni abin da ya fi damuna da duk wani abu na ƙwai shine ƙarni, in naji shi to an gama. Babu. Ƙamshin ayaba da ta ji wuta ne da kirfa, sai wani ɗan ƙamshi can ƙasa da ban gane ba sai daga baya ta gaya min ɓawon lemon tsami ne take ɗan gogawa a ciki.

Na gutsura ɗaya babu zuma babu komai dan inji asalin ɗanɗanonshi. Kar ku sa ran irin fankek ɗin fulawa da muka saba yi ma yara ranar Asabar, wancan mai kauri da yake cika baki. Wannan laushi gareshi sosai, tsakanin wainar ƙwai da fanke yake, yana narkewa a harshe, kuma zaƙin da ke ciki ya isheni har na manta da zumar sai da na kai na huɗu. Na kira ta a take nace Anti dan Allah suga nawa kika sa, dan likita ya hana ni. Tayi dariya tace ƙanwata ko ƙwaya ɗaya babu, fulawa ma babu, ayaba ce ɗaya da ƙwai biyu sai kirfa da ɗan gishiri a bakin yatsa shikenan. Gaskiya ban yarda ba a lokacin, sai da naje na gani da idona, zan zo wajen.

Abin da ya sa na cigaba da oda ba daɗin bane kawai, daɗi ai masa ma tana dashi. Ranar nan sha ɗaya tayi sha biyu tayi ban ji kasalar nan ba, ban ji cikina yayi nauyi ba kuma ban ji yunwa ba sai da aka kira azahar. Na ɗauka ko dai zumuɗin sabon abu ne, amma sati ya zagayo haka, wata ya zagayo haka. In ka duba ma abin ba wani sihiri bane, ƙwai ɗaya yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 6, biyu kenan giram 12, ga kindirmo ga gyaɗa su ma suna da nasu, kuma furotin shi ke daɗewa a ciki yana riƙe mutum. Ƙwai ɗaya kalori ɗinshi, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, bai wuce 70 zuwa 80 ba, ayaba matsakaiciya wajen 100, to kun ga duka fankek biyar ɗin ba su kai abin da burodi rabi da shayi mai suga uku zai baka ba, kuma babu man da ya jiƙa su. Zaƙin kuma na ayabar ne da kanta, in ta nuna sosai sitacin da ke cikinta ne yake komawa suga, shi yasa ɗanyar ayaba take da bauri nunanniya kuma kamar an zuba mata zuma.

Wata Asabar nace mata zan shigo in gani, tace bismillah ƙofa a buɗe take. Na isa bakwai da 'yan mintuna. Kicin ne na gida kawai ba wani babban waje ba, gas mai kai biyu, teburi ɗaya, amma tsaf, ƙasan ma a goge yake, kanta a ɗaure ga yarinyarta babba tana wanke 'ya'yan itace a roba da ruwan gishiri kafin a fere. Abin da ya fara ɗaukar idona ayabar ce, duk bayanta yayi ɗigo ɗigon baƙi, irin wadda in mai tebur ya miƙo miki za ki ce a'a canza min. Tace ai ita wannan take nema, a kasuwar Muda Lawal ma masu ayaba sun santa suna ajiye mata wadda ta nuna, kuma da sauƙi suke bata tunda su gani suke ta kusa lalacewa. In kuma ta samu wadda bata gama nuna ba sai ta sa ta a kwali ta rufe kwana biyu.

Ta ɓare ɗaya ta sa a kwano ta murƙushe da cokali mai yatsu har ta zama kamar kunu mai kauri, tace bata sawa a blenda dan blenda na tsinka shi yayi ruwa ya ƙi haɗuwa a kasko. Ƙwan kuma ɗaya bayan ɗaya take fasawa a wani kofi daban tukun ta juye, saboda in ɗaya ya lalace kar ya ɓata sauran, kuma kafin nan ma duk kiret ɗin da ta siyo sai ta gwada su a ruwa, wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne wanda ya taso sama ta ware shi. Ta kaɗa su tare, ta sa kirfa kaɗan, gishiri, ta goga ɓawon lemon tsami koren kawai banda farin dan farin ɗaci gareshi. Sai kaskon, irin wanda baya kamu ne, ta tsoma tishu a man gyaɗa ta shafe shi kawai, ba zubawa tayi ba, shafawa. Wutar kuma ta rage ta ƙasa can har sai ka sunkuya kafin ka ga harshenta. Cokalin miya biyu take zubawa ko wanne, guda huɗu a kasko, ta tsaya tana kallonsu bata taɓa ba har sai da gefen ya bushe saman ya fara 'yan ƙofofi, sannan ta zura siririn cokali a hankali ta juya. Tace duk sirrin a nan yake, ƙanana da wuta kaɗan da haƙuri, dan babu fulawar da za ta riƙe shi, in kika yi babba zai karye in kika ƙara wuta sugan ayabar zai ƙone waje yayi baƙi ciki bai nuna ba. Na tsaya ina lissafi, kasko ɗaya yana cin minti biyar zuwa shida, ita kuma tana da oda wajen ashirin a ranar aiki, a nan na gane dalilin da yasa take tashi tun kafin asuba.

Abin da ya ƙara min yarda da ita shine bata ɓoye komai ba. Wata in kika tambaye ta yadda take abu sai ta fara kwana kwana, ita kam har cewa tayi in zo in juya da hannuna in ji yadda yake.

Ba fankek kawai take yi ba. Akwai wani da nafi so ma ranar da ake tsananin sanyi, ƙwai ne da madara take kaɗawa ta yanka dabino ƙanana a ciki ta zuba a 'yan gwangwanaye ta turara shi kamar yadda muke alale, yana fitowa yana rawa, santsi kamar kindirmon da ya kwana, dabinon ya sauka ƙasa yayi kamar zuma. Shi ma babu suga. Da ɗuminshi ake ci da yankakkiyar gwanda a gefe, kai jama'a wannan abin yayi. Sai dai sau biyu a sati kawai take yi kuma sai ka faɗa tun dare. Akwai kuma wanda take ƙara garin acca cokali biyu a cikin kwaɓin ayabar, accar nan da ake kawowa daga kudancin jihar nan da Filato, shi yafi kauri yafi riƙe ciki, maigidana shi yake so dan yace wancan na farkon baya jin ya ci komai. Sai burodi da take tsomawa a ƙwai da madara ta soya, wannan kam sau ɗaya na karɓa ban sake ba, ba wai babu daɗi bane amma yana shan mai kuma ya fita daga layin abin da ya kawo ni, in burodi da ƙwai nake so ai ga mai shayi a bakin titi.

Wajen 'ya'yan itacen ma akwai abin yabo. Bata dagewa sai wani abu na 'yan gayu, abin da yake lokacinshi shi take sawa. Yanzu gwanda ce da kankana da lemon Binuwai, wani lokacin gwaba in ta samu mai kyau ta cire 'ya'yan. Cikin watan Janairu sau uku ta sa mana sitiroberi na Jos, nan kusa da mu ake nomansa a lokacin sanyi amma da yawanmu bamu taɓa sa shi a baki ba sai a hoto, ta yanka shi biyu biyu ta ɗora akan fankek ɗin, tsaminshi da zaƙin ayabar suka haɗu abin ba'a magana, ranar ta ƙara ɗari uku kuma ta faɗa tun kafin ta aiko. Tuffa kam tace bata sawa sai an nema, dan daga waje ake shigo da ita tsadarta kawai za ta ɗora mana akan kuɗin alhali gwanda ɗaya ta Muda Lawal za ta ishi mutum shida.

To yanzu bari in zo inda ban ji daɗi ba, dan akwai.

Na farko lokaci. Yaro ɗaya ne da mashin ɗaya yake zaga gari, daga Fadaman Mada ya bi sakatariya ya shiga GRA wani lokacin har Yelwa wajen 'yan jami'a, to duk wanda ya faɗo ƙarshen layi ya shiga uku. A wata biyun nan na ƙirga sau shida abincin ya wuce ƙarfe tara kafin ya iso, sau ɗaya ma goma saura, ranar ina da mitin na shiga da yunwa na fito na tarar dashi yayi sanyi ƙalau akan tebur. Kuma wannan abin ba kamar masa bane da za ki ci ko ta huce, in yayi sanyi laushin nan yana komawa wani iri, ɗan ƙarnin da babu ma sai ya fara leƙowa. Na mata magana tace tana neman yaro na biyu amma kuɗin mai ne yake hana ta, na gane uzurinta amma ni dai mai siya ce, karin kumallon da ya iso goma saura sunanshi wani abu daban.

Na biyu robar. Tana rufe fankek ɗin da zafinshi, tururin ya taru a murfi ya dinga ɗiga a kai, kafin ya iso na ƙasan ya jiƙe ya manne da roba. Ga kuma kankana a gefe tana ɗaukar ɗumi, kankana mai ɗumi kuwa kun san babu daɗi. Da na faɗa mata ta fara shimfiɗa tishu a ƙasa tana huda murfin, ya ragu sosai amma bai tafi duka ba. Ni a ganina raba su ya kamata tayi gaba ɗaya, mai zafi daban mai sanyi daban, ko da za ta ƙara hamsin. Ni yanzu ma 'yar kula na siya na bata, ita ake zuba min nawa a ciki yaron ya dawo da ita washegari, kuma tun daga nan ban sake samun matsalar ba, duk mai niyyar yin oda kullum ina bashi shawarar yayi haka.

Na uku sau ɗaya ya faru amma sai na faɗa. Wata ranar ta yanka abarba ta zuba a cikin kindirmon tun daga gida maimakon ta ware, kafin ya iso ya tsinke yayi wani ɗaci a maƙoshi, na ɗauka nonon ne ya lalace na zubar. Ashe ɗanyar abarba ce take da wani sinadari da yake narkar da furotin ɗin madara, in suka jima tare sai ɗaci ya fito, gwanda ma tana da irin nata. Dana kira ta bata yi musu ba bata ce ai kowa ya ci bai yi magana ba, haƙuri ta bani tace kuskurenta ne tana sauri, washegari ta aiko min kyauta. Wannan halin nata yana cikin abin da ya riƙe ni, dan mun saba da masu sana'ar da in ka yi ƙorafi sai su ɗaure fuska kamar kai ka musu laifi.

Sai kuɗi, wanda nasan shi kowa yake jira. Ni ina biyan 2,000 na roba ɗaya, kawowa 500, turansfa ake yi tun dare ko a biya na sati gaba ɗaya ta ɗan rage. Gaskiya ba kuɗin da kowa zai iya bane kullum, da 2,500 ɗin nan za ki siyo masar da gida guda zai karya. Amma kuma in aka yi adalci aka duba, kiret ɗin ƙwai mai guda 30 da kafin a cire tallafin mai a 2023 bai kai dubu uku ba yanzu ni da kaina sama da dubu biyar nake siya, ga gas ga roba ga zuma, ga ayabar ma daga kudu ake lodo ta a mota kuɗin man ya hau kanta. Dana zauna nayi lissafin abin da ke cikin robar naga ribarta ba wani yawa gareta ba, wahalar tafi. Ni abin da na koma yi shine sau uku a sati nake oda, Litinin da Laraba da Alhamis ranakun da nake fita da wuri, sauran ranakun nayi da kaina tunda ta koya min.

Nawa na gida karon farko bai yi ba, na zuba da yawa na cika wuta ya karye ya kama, dai dai abin da ta gargaɗe ni. Karo na uku ya fito daidai. Yanzu minti goma sha biyar ya isheni, tun dare nake yanka gwanda in sa a firij in akwai wuta, in babu na bari sai da safe dan yankakken abu baya son kwana a zafi, ayabar da zan yanka a kai kuma na matsa mata lemon tsami kaɗan dan kar tayi baƙi. Yarana da basa cin dafaffen ƙwai ko da faɗa, wannan kam har rigima suke akan na ƙarshe, ƙaramar ce kawai bana sa mata zuma dan bata cika shekara ba, kuma zuma ba'a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ko kaɗan ne, wannan dan Allah iyaye mu kiyaye dan naga ana sakaci dashi sosai. Amma duk da haka nata yafi nawa, ban san ko hannun bane ko kaskon, gefen nata yana da wani ɗan gardi da har yau ban iya fitarwa ba.

Akwai wata magana da nake so masu ciwon suga su ji da kyau, dan naji wasu a ofis suna cewa ai tunda babu suga to kowa zai iya ci son ranshi. Ba haka bane. Surukina Baba yana da ciwon suga shekara da shekaru, ranar da nayi a gida na kai mishi guda biyu ya ɗanɗana, ya ci yana gyaɗa kai yace 'yata wannan abin da daɗi yake amma zaƙin nan daga ina, nace Baba ayaba ce kawai, yace to ai ayabar ma suga ce a wajena, ɗauke zumar nan daga gabana. Kuma gaskiyarshi, nunanniyar ayaba da dabino da kankana da zuma duk suna ɗaga sugan jini, banbancin kawai sun zo da ƙwai da ɗan harza da ke rage saurin abin. Shi yanzu in zan mishi rabin ayaba nake sawa a ƙwai biyu, babu zuma, gwaba a gefe maimakon kankana, kuma sai da ya tambayi likitanshi tukun. Ita ma mai kicin ɗin dana gaya mata tace duk wanda ya faɗa mata yana da suga tana rage ayabar ta cire zumar, amma sai an faɗa, to ku dinga faɗa.

Ni ta ɓangarena na koma asibiti ƙarshen Janairu, awon jinin ya sauko daidai, nauyina ya ragu kilo biyu. Bazan ce fankek ne kaɗai yayi ba dan na rage gishiri da magi a miya kuma ina ɗan tattaki da yamma bayan la'asar, amma nasan canza karyawar nan ne ya bani ƙarfin gwiwar sauran, saboda da safe ne nake faɗuwa kullum kuma yanzu bana faɗuwa. Masa kuma ban rabu da ita ba, ranar Juma'a nake cin abata guda uku da miya hankalina kwance.

Wanda yake aikin ƙarfi, mai gini ko mai dako ko wanda zai wuni a gona, gaskiya wannan ba zai riƙe shi ba sai dai ya karɓi mai accar ya ƙara da kunu. Wanda kuma yake zaune a ofis ko shago ko ɗalibi, ko mai jego da take son abu mai sauƙi, ko wanda likita ya ja ma kunne irina, ni kam nace ya gwada ko sau biyu ne, ya nemi a sa shi a farkon layin yaron, ya bada kularshi, kuma yace a ware mishi kindirmo daban.

Jiya da na tura mata kuɗin sati take gaya min mangwaro ya kusa shigowa, tana jiran ya nuna a bishiya tukun dan bata son wanda ake sa ma magani ya nuna dole, za ta fara ɗora shi akan mai turarawar nan a madadin dabino. Da azumi kuma tace za ta juya lokacin, ta dinga aikowa kafin magariba dan buɗa baki, mai son na sahur kuma ta bashi garin acca da kirfa a haɗe ya fasa ƙwanshi ya murƙushe ayabarshi a gida. Na riga nace ta rubuta sunana a na mangwaron, roba biyu, ɗaya tawa ɗaya ta maigida.